Mutanen Baki

Kurmin Ɗinya,
9 ga Mayu.

Zuwa ga jikata Tamar,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da babanki Kaleb da mamanki da duk mutanen Mararaban Rido. Mu nan muna lafiya, sai dai gwiwata ta hagu da ke sanar da ni zuwan ruwa tun hadari bai haɗu ba. Matata, Mama Afiniki, tana gaishe ki. An gama shuka citta an lulluɓe ta da ganye, akuyarmu kuma ta haifi biyu.

Wataƙila kina cewa wane tsoho ne wannan. Ni ne Azariya, tsohon hedimasta. Babana da baban kakanki Eli wa da ƙane ne. Ni ne na ɗora ki a wuya ranar jana'izar Eli kina shekara biyar, kika cire mini hula kika jefa cikin tukunyar kunu. Ban manta ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. A watan Nuwamba gundumarmu za ta cika shekara ashirin da biyar da samun hakiminta. Kafin nan, ko sa hannu a takarda kake so sai ka yi tafiyar yini. Kwamitin biki ya ɗora mini rubuta tarihin gunduma, na kuwa cika littafin rubutu biyu, na zana taswira. An ce mini kina aiki a gidan buga littattafai a Kaduna, kuma Hausa kika karanta a kwaleji. Don Allah ki buga mana a kwamfuta, ki gyara inda tsufa ya yi ɓarna.

Don kada ki ɓata a cikin takardun, ga yadda ƙasar take. In kin baro Kachia kin nufi Kafanchan, sai ki saki kwalta ki bi jar hanya ta hannun dama. Abin da za ki fara hangowa shi ne Dutsen Kurciya, inda kakanninmu suka zauna kafin su sauko fili. Daga gindinsa Rafin Ɗinya yake fitowa, ya raba gundumar biyu, ƙauye huɗu a gabas, uku a yamma. Gabas jar ƙasa ce, ta citta da acca. Yamma fadama ce, ta gwaza da rake da sauro. A tsakiya, inda ake ƙetare rafin, nan kasuwa take ci ranar Alhamis, kuma tana hannun mutanen Baki tun ba a haife ni ba. Babban cikinsu yanzu shi ne abokina Malam Hussaini, wanda nake cinye shi a dara tun muna aji uku, ko da yake shi zai ce miki ba haka ba ne.

Kada ki ce me ya hana ni buga waya. Netwok sai an hau dutse, ni kuwa na daina hawan dutse. Silvanus direba, mai kai kaya Kaduna, shi zai riƙa kai mana yana kawowa.

Kakanki,
Azariya

*

Mararaban Rido,
24 ga Mayu.

Baba Azariya,

Ina gaisuwa da girmamawa. Yaya gwiwa, yaya Mama Afiniki, yaya masu jego a garken akuya? Mu duka lafiya lau. Babana ya yi dariya har da hawaye da na karanta masa zancen hula. Ya ce kun sha kunun a haka, ba wanda ya yi ƙorafi.

Baba, littattafanka sun hana ni aikin oga. Sau biyu kawai na taɓa zuwa gida, abin da na riƙe shi ne mangwaro da ƙaiƙayin sauro. Ban san kakanninmu sun yi noma a kan dutse ba, suna jera duwatsu suna tare ƙasa don kada ruwa ya kwashe. Ban san mata sun riƙa sauka ɗiban ruwa sau biyu a rana da tulu a kafaɗa ba. Da na zo wurin da ka rubuta yadda tsohuwar ƙarshe ta ƙi saukowa, har sai da aka sauko mata da dutsen niƙanta tukuna ta biyo shi tana zagi, na karanta wa duk ’yan ofis.

Taswira kuwa, Baba, da magana. Gidanka ya fi coci girma, ya fi fadar hakimi, ya kusa kai rabin Dutsen Kurciya. Na rage shi kaɗan, ka yi haƙuri.

Na yi gyare-gyare. A rubutun hannunka k da ƙ duk kamarsu ɗaya, d da ɗ ma haka, sai na bi ina sa ƙugiya duk inda ta dace. Babi na huɗu ba shi da kan magana, sai na sa masa “Zuwan Baƙi”, tunda a kan baƙin da suka kafa kasuwa yake. Ga kwafi uku na ba Silvanus. Ku duba, in ya yi sai a buga gaba ɗaya.

Jikarka,
Tamar

*

Mararaban Rido,
3 ga Yuli.

Baba,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Sati shida ke nan ba amsa. Na je tasha sau uku neman Silvanus, aka ce ba a gan shi ba. Babana ya gwada lambar faston ku, ba ta shiga. Wannan na ba wata mata mai sarin gwaza da ta ce ta san gidanka.

In zancen taswira ne ya ɓata maka rai, wallahi wasa nake yi. Zan mayar da gidan yadda yake, in ka so ma in ƙara masa bene. Ka dai aiko ko layi ɗaya ne in san kuna lafiya.

Tamar

*

Kurmin Ɗinya,
19 ga Yuli.

Jikata Tamar,

Alheri da salama su kasance tare da ke. Muna lafiya, ki kwantar da hankali. Ruwa ne ya cinye kwalbatin jar hanya, motar Silvanus ta yi sati biyar a wannan hayin tana kallon wancan. Sai shekaranjiya matasa suka cike wurin da duwatsu. Masara ta yi kyau, Mama Afiniki ta yi zazzaɓi ta warke. Zancen gida kuwa, bar shi yadda kika rage, ni ma na san na yi zari.

Amma akwai magana, kuma ba mai daɗi ba ce. Na daɗe ina juya yadda zan faɗa miki.

Da kwafin nan suka iso, murna ta hana ni dubawa. Na shafa takardar, na shinshina, na kai wa Patrick sakataren kwamiti. Ranar Asabar muka taru a ajin firamare, mu goma sha biyu, Patrick ya tashi yana karantawa. Patrick yana da karatu ƙasa-ƙasa kamar mai addu'ar abinci, ban kama kowace kalma ba. Ina zaune a gaba ina gyaɗa kai, ina murmushi, ina jin kaina marubuci.

Ana cikin babi na huɗu sai Malam Hussaini ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya tsaya a gabana ya ce, “Azariya, na gode.” Ni kuwa na ce, “Ba komai, aikinmu ne duka.” Ya dube ni, ya fita.

Sai da aka tashi Patrick ya biyo ni ya nuna mini shafin da yatsa. Tamar, Baki sunan unguwa ne. Bakin Rafi ake cewa, mu muka gajarta tun zamanin iyayenmu. Mutanen Baki su ne mutanen unguwar kasuwa, Musulmi ne, su Hussaini. Takardar kuwa ta ce baƙi, tun daga kan magana har ƙasa, sau goma sha bakwai. Na ƙirga. “Kasuwa tana hannun baƙi.” “Baƙi ba su da gona a gabas.” Kin san nauyin wannan kalma a ƙasarmu. An yi kuka a kanta a wurare da yawa da ba su da nisa da mu, mu Ubangiji ya tsare mu.

Yau sati shida ba mu yi dara ba. Na je shagonsa sau biyu, aka ce ya fita, alhali ga takalmansa a ƙofa. Mutanen Baki sun aiko cewa ba za su kawo shinkafar biki ba, ba za su zo ba. Hakimi ya kira ni ya tambaye ni ko tarihi aka sa ni rubutawa ko faɗa.

Ban rubuto don in yi miki faɗa ba. Ina so in sani ne kawai, injin ne ya yi ko hannu?

Kakanki,
Azariya

*

Mararaban Rido,
26 ga Yuli.

Baba,

Ina gaisuwa, na gode wa Allah da jin Mama ta warke. Ni ma lafiya, sai dai tun da na karanta takardarka abinci ba ya mini daɗi.

Hannu ne, Baba. Hannuna. Na koma littafinka na duba, ga babban B nan ka rubuta kowane wuri, ɓaro-ɓaro. Na gan shi tun farko, na ce ai tsoho ne, yana sa babban harafi inda ya ga dama. Gaskiyar ita ce, da na ga sunaye irin su Hussaini da Saifullahi kusa da kalmar, ban tsaya tunani ba. A nan haka ake magana, a mota, a ofis, har a bakin coci. Na sa ƙugiyar ina ganin na taimake ka.

Ga wasiƙa na rubuta wa Malam Hussaini, ban rufe ba don ka karanta. Na gaya masa kai ba ka rubuta haka ba, na haɗa da hoton shafinka na asali. In ka ga ya fi kyau in zo da kaina in durƙusa, ka faɗa, zan nemi izini wurin oga in biyo Silvanus.

Na goge kalmar a duk wurare goma sha bakwai. Na san wannan bai goge ta a kunnen waɗanda suka ji ba.

Jikarka,
Tamar

*

Kurmin Ɗinya,
30 ga Agusta.

Jikata Tamar,

Gaisuwa cikin sunan Mai Ceto. Ki ci abinci. Muna lafiya, ana cin sabuwar masara, ’yan akuya sun fara shiga gonar maƙwabta ana kawo ƙara.

Na kai wasiƙarki ranar Laraba, da babu kasuwa. Wannan karon ban yi sallama daga waje ba, na kutsa kai kawai. Na same shi yana ɗinke buhunan citta, ’yarsa Binta tana tankaɗe garin wake a gefe. Ita ta karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, ya karɓi hoton shafin ya kai kusa da ido.

Ya ce, “Yarinya ba ta san mu ba, kuma ta faɗi gaskiya. Allah ya yi mata albarka. Kai fa?”

Na ce, “Me ka ce?”

Ya ce, “Na ce kai fa! Ana kiran kakana baƙo kana gyaɗa kai kana washe baki!”

Na ce, “Kakanka ya yi me?”

Sai Binta ta ajiye rariya ta ce, “Baba, tsaya. Wallahi Baba Azariya ba ya ji.”

Tamar, ba karatun Patrick ba ne. Na ɗora masa laifi a wasiƙata ta baya, Ubangiji ya gafarta mini. Shekara biyu ke nan kunnena na dama ya mutu, na hagu yana bin sa. Ina ɓoyewa. A coci in na ga an tashi sai in tashi, in an yi dariya sai in yi. Wa zai so a ce hedimasta ya kurumce?

Hussaini bai yarda ba. Ya zagaya bayana ya tsaya. Ni dai ina kallon buhuna. Daga baya Binta ta gaya mini abin da ya faɗa: “Azariya, kai ne ka sace ƙwan zabin malamin mishan, aka yi wa Eli bulala a kai.” Ya faɗa sau biyu, ban motsa ba. Da ya dawo gabana yana dariya har da tari, ya kama kunnena na hagu ya yi ihu a ciki, “Ashe da kurma nake fushi wata biyu!” Zancen ƙwai kuwa ƙarya ne, biyu kawai na ɗauka.

Da dariya ta lafa sai ya zauna ya ce, a hankali, kusa da kunnena, “Kai ba ka ji ba. Sauran goman fa? Sun ji, ba wanda ya ce a'a.”

Ranar Asabar na kira taro, na aika a roƙi mutanen Baki su zo. Na tashi na faɗi yadda kuskuren ya faru, na kuma faɗa wa kowa cewa ba na ji, daga yau mai magana da ni ya zo ta hagu. Patrick ya ce shi ma kalmar ta tsaya masa a wuya, kunya ce ta hana shi dakatawa, ya roƙi gafara. Sai Meshak, wakilin ƙauyukan gabas, ya ce, “To amma ai gaskiya ne, zuwa suka yi.” Patrick ya maimaita mini.

Na ce, “Meshak, mu fa? Daga sama muka faɗo? Kakanninka da nawa suna kan dutse lokacin da Saifullahi, kakan Hussaini, ya kafa rumfa a bakin rafi da gishiri da kanwa. Da muka sauko fili, shi muka tarar. Shekarar fara, da acca ta ƙare, dawarsa aka ci. In lissafin wanda ya riga wani zama a bakin rafi za a yi, ka shirya, ba za ka ji daɗinsa ba.” Meshak ya ce shi tambaya kawai ya yi.

An yanke cewa babi na huɗu Hussaini zai faɗa, Binta ta rubuta. Ga shi nan na haɗo, shafi tara. Akwai abubuwan da ni kaina ban sani ba, kamar yadda aka matsar da kasuwa sau biyu saboda rafi yana canja hanya.

Taswira ma sai kin sake. Hussaini ya ce rafin ido biyu gare shi inda yake ɓuɓɓugowa, na ce ɗaya. Muka ɗauki sanduna muka bi shi har gindin dutse, tsofaffi biyu, muna hutawa a kowace inuwa. Biyu ne. Mun kuma tarar da gidaje goma sha ɗaya a bayan kurmi, masu kiwon zuma, da na manta da su sam. Sun ba mu zuma, sun ce in ba a sa su a littafi ba su ma ba za su zo biki ba. Ki sa su, sunan wurin Gidan Amya.

Biki ranar Asabar ta biyu ga Nuwamba. Ba sai kin durƙusa ba, amma ki zo.

Kakanki,
Azariya

*

Mararaban Rido,
18 ga Nuwamba.

Baba Azariya,

Ina gaisuwa. Mun iso lafiya, sai dai na sauka daga motar Silvanus ina warin citta har cikin gashi. Yaya gajiyar biki? Ka gaya wa Mama Afiniki gwazar da ta ɗora mini ta kai gida uku. Na'urar ƙara jin da na kawo maka, ka riƙa cirewa in za ka yi wanka, kuma ka daina kashe ta in Mama ta fara magana. Na gan ka.

Oga ya ce in gaya maka kwafi ɗari uku da muka buga ba su isa ba, mutanenmu na Kaduna suna ta zuwa nema. Wani ya zo daga Kujama ya ce an rubuta sunan kakansa ba daidai ba. Na ce ya rubuto maka.

Akwai abin da ban samu na faɗa maka ba, don kana kan dandamali kusa da hakimi, mata suna ta rawa, masu zuma suna ta nuna wa kowa ɗigon ƙauyensu a taswira. Lokacin ne Malam Hussaini ya aiko Binta ta kira ni. Na je na fara durƙusawa, ya ce, “Tashi, jikata, ƙasa da laka. Zo ki ga wani abu.”

Ya ja ni muka gangara Baki. Ya nuna mini inda rumfar Saifullahi ta fara tsayawa, yanzu ruwa ne a wurin. Ya nuna mini maƙabartarsu a ƙarƙashin itatuwan ɗinya, ya lissafa mini mutum bakwai nasa da ke kwance a ciki. Daga nan muka shiga tsohon gidansu ta baya.

Ya ce, “Wannan ban sa a littafi ba, don ba na gunduma ba ne, naki ne. Wata Alhamis uwar kakanki ta sauko kasuwa da kwandon acca, da tsohon ciki. Rafi ya cika, ba halin komawa, naƙuda ta kama ta. Kakata ta shigo da ita nan. A ɗakin nan aka haifi Eli. Kakata ce ta yanke cibiya, ita ta binne. Sun kwana bakwai kafin ruwa ya janye. Har ya tsufa, in ya shigo kasuwa sai ya leƙo ya ce ya zo duba gidansu.”

Baba, ka san wannan? Babana bai sani ba. Da na gaya masa jiya, ya ce in sake faɗa masa daga farko.

Na tambayi Malam Hussaini ko ya san daidai inda aka binne cibiyar. Ya ce ya sani mana, kakarsa ta nuna masa ba sau ɗaya ba. Ya fito da ni ƙofar gida, ya nuna da sanda. Daidai wurin da Binta ta kafa murhu take tuyar ƙosai ne, mutane sun yi layi.

Binta ta ce, “To, matsa kusa mana, ai wurinku ne.” Ta matsar da bokitin ƙullu, ta zuba mini masu zafi a takarda, ta barbaɗa yaji. A nan na tsaya, da takalman bikina a cikin toka, na cinye su tas.

Ka gaishe mini da Malam Hussaini, da Binta, da Mama.

Jikarka,
Tamar